Suna Linzami: Tarihin Ajin A da B da C a Makarantarmu



Editan wannan mujalla ya daɗe yana bina bashin rubutu, ni kuwa ina ta kakkaucewa, har sai da na ga wani abu a wajen walimar taronmu na shekara da ya wuce, wanda ya hana ni barci. Waɗanda suka halarta za su tuna an jera wa 'yan shekararmu, wato waɗanda suka fita a 1978, tebura uku a gefen zaure. Babu wanda ya rubuta suna a kan kujera, babu wanda ya ce wa wani zauna nan. Amma da aka fara cin abinci na ɗaga kai, sai na ga likitocinmu da injiniyoyinmu a teburin gaba, na tsakiya ya cika da 'yan B, mu kuma 'yan C mun tattaru a teburin da ke kusa da ƙofa, daidai yadda muke a Fom 1. Dattawa ne masu furfura da jikoki, wasunmu ma da sanda, amma harafin da aka liƙa mana muna 'yan shekara goma sha uku ko sha huɗu shi ya nuna wa kowa wurin zamansa.

A wannan taro ne kuma aka kawo shawarar ƙungiya ta tara kuɗi ta buɗe ajin haziƙai a makarantarmu, wato a zaɓi yara arba'in mafiya maki, a sa musu kwamfutoci, a biya malamai su riƙa yi musu darasin yamma. Kafin mu kaɗa ƙuri'a a kan wannan, na ga ya kamata mu waiwaya mu ga inda wannan al'ada ta raba aji ta samo asali, da abin da ta yi mana. Ni dai na san ta ta fuska biyu, domin an raba da ni ina yaro, na kuma raba 'ya'yan wasu da na girma.

Inda abin ya faro

Kafin zuwan boko, yawancinmu mun fara da makarantar allo, kuma can ma akwai matakai: kolo, da titibiri, da gardi, har zuwa alaramma da gwani. Sai dai waɗannan matakai ne na tsani, kowane gwani ya taɓa zama kolo. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ke Izu biyu da wanda ya kusa sauka suna zaune a gindin wuta ɗaya, in ka iya karatunka a biya maka na gaba, in ba ka iya ba ka sha bulala ka sake. Ba na cewa babu wahala a ciki, akwai ta ƙwarai. Amma ban taɓa jin an ware wasu almajirai an ce su ba za su taɓa wuce Sabbi ba.

Tun ranar da boko ya shigo Arewa da tankaɗe da rairaya ya shigo. Lokacin da Hans Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ba a haɗa kowa da kowa ba. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na koyon sana'a. Rabon farko ke nan, kuma da haihuwa da matsayi aka yi shi. Daga baya aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ta riƙa ɗaukar 'yan ƙalilan daga larduna, irin su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa a 1971. A shekarun 1930 aka shigo da makarantun midil, yaro ya fito daga elementare a tace shi zuwa midil, daga midil a sake tacewa zuwa kwaleji. Da yake guraben kaɗan ne, duk tsarin ya ginu a kan tambaya ɗaya: wa za a ɗauka, wa za a bari?

Shi kuwa raba yaran shekara ɗaya gida uku, A da B da C, a cikin makaranta ɗaya, kayan Ingila ne. A can, tun shekarun 1920 da 1930, masana irin su Cyril Burt suka yaɗa ra'ayin cewa basira aba ce da ake haihuwar mutum da ita, ba ta cika canzawa ba, kuma ana iya auna ta da jarrabawa tun yaro yana ƙarami. Bayan dokar ilimi ta 1944, sai ya zama kowane yaro ya kai shekara 11 zai zauna jarrabawa guda, wadda za ta yanke ko ya tafi makarantar da ke kai mutum jami'a, ko ta gama-gari. Kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke samun ta farkon. Don a shirya yara wa wannan jarrabawa, sai makarantun firamare ma suka riƙa raba su A da B da C tun suna 'yan shekara bakwai. Turawan da suka riƙe makarantunmu na lardi a shekarun 1950 a cikin wannan tsari suka tashi, shi suka sani, shi suka dasa mana. Malamanmu 'yan ƙasa kuma suka gada.

Abin mamakin shi ne, lokacin da muke rungumar abin, masu shi sun fara sakinsa. A 1964 wani mai bincike, Brian Jackson, ya nuna cewa 'ya'yan leburori sun fi yawa a ajin C, haka ma yaran da suka fi ƙanƙanta da 'yan watanni a cikin shekararsu, wato abin da ake kira basira ya cuɗanya da gidan da yaro ya fito da watan da aka haife shi. A 1965 gwamnatin Ingila ta buƙaci hukumomin ilimi su fara haɗe makarantun sakandare su zama na kowa da kowa. A 1967 wani babban kwamiti ƙarƙashin Uwargida Plowden ya goyi bayan a daina raba yaran firamare. Shi kansa Burt, bayan rasuwarsa a 1971, an yi ta jayayya a kan sahihancin wasu alƙalumansa. Duk wannan labari bai iso mana ba.

Yadda aka yi da mu

Na shigo Fom 1 a 1973, daga wata firamare ta ƙauye inda na yi shekara bakwai ban taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba. Ranar da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, hedimasta da kansa ya zo zauren mahaifina. Na iso makaranta a makare da mako uku, saboda sai da aka sayar da tunkiya aka haɗa mini kuɗin mota da akwatin ƙarfe. A ƙarshen zangon farko aka yi mana jarrabawa, aka jera mu dukanmu daga na ɗaya har na ƙarshe, aka yanka jerin gida uku. Da muka dawo hutu muka tarar da takardu uku a allon sanarwa na gaban ofishin Firinsifal. Na duba ta farko ban ga sunana ba, na duba ta biyu sau biyu. Har yau ina iya tuna yadda ƙafafuna suka yi sanyi kafin in matsa ga ta uku.

Yanzu da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san abin da waccan jarrabawa ta auna. Turanci ta auna. Yaron da ya fito daga firamaren cikin gari, wanda mahaifinsa akawu ne kuma akwai rediyo da jarida a gidansu, yana jin abin da malamin Lissafi Ba'indiye ke faɗa. Ni kuwa sai da na yi wata biyu kafin kunnena ya fara rarrabe kalmominsa. Amma a lokacin babu wanda ya faɗa mana haka. Abin da muka fahimta kawai shi ne Allah ya yi wasu da kai, ya yi wasu ba kai, kuma ga takarda ta bayyana ko su wane ne.

'Yan'uwa za su tuna yadda ginin kansa yake. Ajin A yana kusa da ofishin malamai da ɗakin gwaje-gwaje. Namu yana can ƙarshen baranda, daura da kicin, shi ya sa ake ce mana 'yan kicin, mu kuma muna ce musu farfesoshi. Mu ne muke fara sanin ko yau wake ne ko tuwo. In za a yi muhawara da wata makaranta, daga A za a ɗauka. In za a kwashe yashi ko a share filin ƙwallo don zuwan baƙo, a leƙo C. Manyan malamai masu digiri suna A. Mu kuwa sau da yawa sai masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda aka fara turowa a shekarar da muka shigo, in kun saba da mutum sai shekara ta ƙare ya tafi. Akwai kuma jimlar da ba ɗan C da bai ji ta ba, ko da malamin bai yi nufin cin fuska ba: "Wannan babin ku bar shi, ba zai yi muku amfani ba."

An ce mana wanda ya yi ƙoƙari za a ɗaga shi. A shekaru biyun farko na ga an ɗaga mutum biyu ko uku. Amma ƙofar tana ƙara ƙuncewa kowane zango, domin A suna gudu a manhaja mu muna tafiya, ko ka zo na ɗaya a C akwai babi huɗu ko biyar da ba a taɓa koya maka ba. Da muka gama Fom 3 sai aka rufe ta gaba ɗaya. A suka zama ajin kimiyya, su ne masu Fiziks da Kemistiri da Lissafi mai zurfi. Mu aka ba mu Tarihi da Labarin Ƙasa da Addini da Hausa. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake so. Lura kuma da abin da wannan ya koya mana game da darussan kansu: cewa harshenmu da tarihinmu da addininmu abincin waɗanda suka kasa ne.

Lokacin kuwa ƙasar gaba ɗaya kimiyya take nema ido rufe, kuma da dalilinta, domin Arewa na ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. A 1977, muna Fom 4, Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka fitar da ɗimbin likitoci da injiniyoyi, babu mai musun wannan. Manufar ilimi ta ƙasa ita ma ta ware wa kimiyya kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a. Ga yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ke zaune daura da kicin, saƙon a fili yake: ƙasa na jiran wasu, kai ba ka ciki.

Me wannan ya yi mana a zuci? Mun kasu biyu. Wasunmu suka yi laƙwas, suka daina ɗaga hannu, suka daina zuwa karatun dare da littafi. Wasu kuma suka ce tunda ba za mu yi suna a aji ba, za mu yi shi a wani wuri. Duk wanda ya yi fice wajen tsallake shinge zuwa silima, ko shan taba a bayan ɗakin kwana, ko yi wa sabon malami ihu, bincika za ka tarar ɗan C ne. A cikinmu, wanda aka gani yana karatu da gaske dariya ake yi masa, a ce yana neman zama farfesa. Ni kaina na sha ɓoye littafi a cikin riga in tafi bayan masallaci. Malamai kuma suka ga halinmu suka ce, ai ga shi nan, dama mun faɗa. Hausawa sun ce suna linzami. An kira mu daƙiƙai, muka bi linzamin.

Na daɗe ina zaton 'yan A su sun tsira. Sai a wajen wata jana'iza, shekaru da yawa bayan mun fita, na zauna da wani abokinmu ɗan A, wanda ya yi ritaya a matsayin babban jami'in gona. A cikin hira ya ce mini, "Ai ni ka san ban taɓa yin ƙoƙari a makaranta ba." Na dube shi da mamaki, domin mutumin nan ya fita da Gired 2 a jarrabawar WAEC, sakamakon da ya fi na kusan kowa a teburinmu. Ya ce shi ma na ɗaya yake zuwa a firamarensu, amma tun da ya shiga A bai taɓa wuce na talatin ba. Shekara biyar yana kwana da tsoron a sauke shi zuwa B, yana ƙin yin tambaya don kada a gane bai gane ba. Da lokacin neman jami'a ya zo bai ko nemi likitanci ba, alhali makinsa na Bayoloji da Kemistiri sun isa, don a ganinsa wannan na su wane ne. Gaba da gabanta. Ni da nake zuwa na ɗaya a C na fi shi jin daɗin kaina a kullum, amma na yarda akwai rufin da ba zan huda ba. Shi yana saman rufin, yana ganin kansa a ƙasa.

Abin da masana suka gano

Sai da na koma jami'a yin digirin ilimi, ina da iyali, na tarar ashe an rubuta labarinmu tun kafin mu shigo Fom 1. Wasu masu bincike biyu daga Jami'ar Manchesta sun shiga makarantun maza a arewacin Ingila suka zauna suna koyarwa suna lura. David Hargreaves, a littafinsa na 1967, ya nuna yadda yaran azuzuwan ƙasa ke kafa tasu duniyar, inda girma ke samuwa ta hanyar saɓa wa makaranta. Colin Lacey kuma, a 1970, ya yi nazarin makarantar da duk yaranta zaɓaɓɓu ne, taurarin firamarensu, ya ga cikin shekara biyu da raba su wasu sun koma ganin kansu a matsayin marasa amfani. Da na karanta sai na ji kamar a barandarmu suka zauna.

A Amurka, a wani bincike da suka buga a 1968, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun gaya wa malaman wata firamare cewa wasu yara za su yi fice a bana, alhali da ka aka zaɓo sunayen. A ƙananan azuzuwa yaran nan suka fi sauran ci gaba. An soki yadda aka yi binciken, kuma nazarin baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzutawa ba, amma yana nan: zaton malami yana taɓa yaro.

Ciwon abokina ɗan A shi ma yana da bayani. Herbert Marsh, wanda ya yi yawancin aikinsa a Ostareliya, ya nuna tun 1984 cewa yaro ba ya auna kansa da duk yaran ƙasa, da na kusa da shi yake aunawa. In ka ɗauki yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, ka sa ɗaya cikin haziƙai, ɗaya cikin matsakaita, na cikin haziƙan zai fi raina kansa. A 2003 shi da abokin aikinsa suka duba bayanan yara 'yan shekara 15 fiye da 100,000 a ƙasashe 26, suka tarar abin haka yake kusan ko'ina. A Singafo, wani bincike da aka buga a 2005 ya bi yaran sakandare shekara uku: da farko 'yan ajin ƙasa ne suka fi karaya, amma daga baya sai 'yan ajin sama suka fi su shakkar kansu. A Ingila kuma, Becky Francis da abokan aikinta sun bi yara daga shekara 11 zuwa 13, suka ga tazarar yarda da kai tsakanin rukunin sama da na ƙasa tana ƙara faɗi.

Amma adalci ya sa in kawo ɗaya ɓangaren. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun yi gwaji a makarantun firamare 121, inda aka raba 'yan aji ɗaya gida biyu, a wasu makarantun bisa maki, a wasu kuma da ƙuri'a. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna rabawa bisa maki ta amfani na sama da na ƙasa duka, domin malami ya sami damar koyarwa daidai da inda yaran suke. To amma a lura, ƙananan yara ne, manhajarsu ɗaya, kuma an ƙaro malami ne aka raba cunkoso. Ba a rufe wa kowa ƙofar wani darasi ba. Ita kuwa Singafo, wadda ta fara raba yara a farkon shekarun 1980, daga 2024 ta soke rabon azuzuwan sakandare na dindindin, ta koma barin yaro ya ɗauki kowane darasi a matakin da ya dace da shi.

Ranar da ni ma na riƙe rula

Yanzu sai in faɗi nawa laifin. Na fita da Gired 3, na tafi kwalejin horon malamai, na fara koyar da Tarihi. A lokacin ne guguwar ilimin firamare kyauta, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, ta iso sakandare a 1982, daidai da fara tsarin 6-3-3-4. Makarantun da suka saba da aji uku suka wayi gari da A har zuwa H. Sabon tsarin ya yi alƙawarin kowane yaro zai sami hanyarsa, ko ta boko ko ta sana'a, amma a wurare da yawa injinan koyon sana'ar da aka sayo sun ruɓe cikin akwatunansu saboda rashin wuta da malamai. Abin da ya rage shi ne harafi.

A ƙarshen shekarun 1980 aka naɗa ni mataimakin Firinsifal mai kula da karatu a wata makaranta. Ranar farko da aka ajiye mini jerin yara wajen 400 aka ce in raba, na ɗauki rula da jan biro na ƙirga hamsin na ja layi, na ƙirga hamsin na ja layi. Cikin awa ɗaya na gama. Tsakanin yaron da ke saman layi da wanda ke ƙasansa wani lokaci rabin maki ne, wani lokaci ma makinsu ɗaya, harafin farkon suna ne ya raba su. Na san wannan sarai, amma jadawali na jira, kuma jarrabawar kammala babbar sakandare da aka fara a 1988 ita ake duba makaranta da ita. Na tura ƙwararrun malamai A da B don su fitar da mu kunya. Ni ɗan kicin, da hannuna na yi.

Abin da ya farkar da ni wani yaro ne ɗan ajin F da ya zo ofishina yana so a bar shi ya zauna darasin Fiziks ko a ƙasa ne. Na ji bakina yana cewa, "Ka bar wannan, ba zai yi maka amfani ba." Sai da ya fita na gane muryar wa na ara. Na sa aka kira shi, na kai shi wurin malamin da kaina. Bai zama injiniya ba, kada in ƙawata labari, amma ya ci darasin da kiredit, kuma ya yi shekaru yana koyar da shi. Daga shekarar na daina jera yara bisa maki a ƙaramar sakandare. Muka gauraya su, sai a Lissafi da Turanci kawai muke raba rukuni, muna sake dubawa kowane zango. Wasu malamai sun yi gunaguni, kuma suna da hujja, domin koyar da aji mai gauraye ya fi wahala. Ban samu na shawo kan kowa ba, kuma bayan an yi mini canjin wurin aiki na ji an koma gidan jiya.

Shawarata ga ƙungiya

Ba na zargin malamanmu. Sun yi aiki da abin da suka gada, da kayan aiki kaɗan, kuma da yawansu sun so mu tsakani da Allah. Malaminmu na Hausa, Allah ya jiƙansa, shi ne ya fara karanta insha'ina a gaban aji ya ce in ci gaba da rubutu, kuma albarkacinsa nake riƙe da wannan alƙalami. Ba na kuma hassada ga 'yan'uwanmu na A. Su ne ke duba mu a asibiti yau, sau da yawa ba su karɓar ko kwabo. Yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba, kuma yaro mai saurin fahimta yana da haƙƙin a ba shi abin da zai ƙosar da shi.

Roƙona shi ne, in za mu kashe kuɗin ƙungiya, mu yi la'akari da abu huɗu. Na farko, ɗakin kwamfutar da za mu gina ya zama na makaranta duka, kowane aji da ranarsa. Na biyu, darasin yamma a yi shi bisa darasi, wato mai ƙarfi a Lissafi ya shiga rukunin gaba a Lissafi ko da Turancinsa na da rauni, kuma a sake gwaji kowane zango don ƙofa ta zauna a buɗe. Na uku, ko nawa muka ware wa na gaba, mu ware kwatankwacinsa don koya wa 'yan aji ɗaya karatu da Turanci a zangonsu na farko, musamman waɗanda suka fito daga ƙauye, kafin a yi musu kowace jarrabawar rabo. Na huɗu, mu roƙi hukumar makaranta mafi ƙwarewar malamai su riƙa shiga ajin ƙarshe kamar yadda suke shiga na farko. In har aka ga dole sai an yi ajin haziƙan, to a sa musu malami mai ba da shawara, domin na arba'in a cikinsu zai buƙaci wanda zai tuna masa cewa ya fi ɗaruruwa.

Akwai wani ɗan ajinmu da Allah ya buɗa wa a harkar sufuri, yana da ma'aikata fiye da yawan ɗaliban ajinmu, kuma ya fi kowa ba ƙungiyar nan gudummawa. A duk taron da muka yi ban taɓa jin ya yi magana ba. Na tambaye shi dalili a wajen walimar nan, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mu 'yan C ina mu ina magana gaban su dokta?" Ina roƙon shugabanni, a taro mai zuwa da za a yanke wannan shawara, a fara jin ta bakinsa. Ina kuma roƙon masu shirya walima su haɗe teburan nan uku su zama ɗaya.

Inda na yi daidai Allah ya ba mu ladan baki ɗaya, inda na yi kuskure kuma 'yan'uwa da malamaina su gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya shirya mana zuriya. Wassalam.